Babi Na Biyu Na Malam Sha'aibu

Ranar Asabar ɗin da Malam Sha'aibu ya kawo mata kundin bincikensa, Ummulkhair ba ta yi niyyar tone-tone ba. Shi ma ba don a tona ya kawo ba. Ya ajiye mata shi a kan tebur kamar yadda manomi ke nuna wa maƙwabci damin farko, don a gani a ce madalla. Ya ce wannan kwafin nata ne, ta riƙe, sannan ya hau tsohon babur ɗinsa ya kama hanyar Ɗanzomo.

Ummulkhair ce ke kula da ɗakin karatu na wata cibiya a Gumel, inda malaman firamare ke zuwa ƙaro ilimi a ƙarshen mako. Ɗakin karatun dai sunansa ya fi shi girma. Kantoci ne na littattafan da suka girme ta, sai 'yan kwamfutoci masu aiki da sola, sai intanet mai zuwa lokacin da ya ga dama ya tafi ba sallama. Duk Asabar da hantsi takan tara ɗalibai ta koya musu yadda ake neman rubutun masana a intanet, da yadda ake bambanta shi da surutun tasha. A kujerar ƙarshe kuwa, kullum, akwai Malam Sha'aibu da furfurarsa, mutumin da ya riƙe hannunta ya koya mata riƙon fensir a firamaren Ɗanzomo. In ya kira ta "Malama" sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Bai taɓa sa hannu a kwamfuta a gabanta ba. In ta zo kusa da shi sai ya ce, "Na gane, wuce ki taimaki yara," ita kuma sai ta wuce, da ma abin da take so ke nan.

Da ɗalibai suka watse ta buɗe kundin. Bincikensa a kan yadda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da girbin riɗi ke kwashe yara daga aji ne. Mutumin ya yi aiki, wannan ba a musu. Ya bi ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar a kan babur, ya zauna da iyaye a gindin bishiya, ya sha fura a gidajen da ba su san me ake kira bincike ba, ya rubuta abin da suka ce da bakinsu. Tana karanta babi na uku da na huɗu tana jin alfahari, sai ka ce ita ta rubuta.

Daga nan ta koma babi na biyu, inda ake so ɗalibi ya kawo abin da masana suka riga suka rubuta a kan batunsa. Nan ta ci karo da wata maƙala ta wani Farfesa Habibullah, wai a kan kasuwar kan iyaka da fashin makaranta a Maigatari. Murna ta kama ta. Ta daɗe tana neman rubutu irin wannan a kan yankinsu don ta riƙa nuna wa ɗalibai. Ta juya ga kwamfuta ta rubuta sunan maƙalar. Babu. Ta ɗora wa sabis laifi, ta jira, ta sake. Babu. Ta nemi mujallar da aka ce a ciki aka buga. Mujallar akwai ta, fitowar wannan shekarar ma akwai, amma a shafukan da Malam ya ambata wani rubutu ne daban a kan koyar da lissafi.

Ta gwada ta biyu. Ta gwada ta uku. Kafin a kira la'asar ta bi manazartar kaf, tun daga sama har ƙasa. In ka ɗebe wani tsohon littafi guda da ke nan a kan kantarsu, babu ko ɗaya da aka taɓa rubutawa a duniyar nan. Sunaye ne masu kyau, da shekaru, da lambar shafi, duk a jere gwanin sha'awa, amma ba komai a bayansu.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne ta san wanda zai zo. Cibiyar takan gayyato wani Dakta daga waje ya zauna a kwamitin kare kundi, mutumin da ba ya zuwa sai da kwamfutarsa a hammata. Bara Ummulkhair na tsaye a bakin taga lokacin da ya buɗe ta a gaban jama'a, ya riƙa neman manazartar wata baiwar Allah ɗaya bayan ɗaya yana karanta sakamakon da ƙarfi. Matar nan ta fito tana tuntuɓe da mayafinta, kuma a ranar aka sallame ta daga cibiyar. Ga shi kuma Malam Sha'aibu da tsohuwar takardar koyarwa ya fara aiki, irin wadda aka daina karɓa. An riga an gaya wa irinsa cewa duk wanda bai kawo sabuwar shaida kafin a shiga sabuwar shekarar karatu ba, ya ajiye alli. Wannan zaman kare kundi da za a yi nan da 'yan makonni shi ne na ƙarshe kafin lokacin. In ya faɗi, ya bar ajinsa.

Mai hankali zai ce abin ai mai sauƙi ne, ta ɗauki waya ta kira shi. Haka ne, mai sauƙi ne ga wanda ba a Ɗanzomo ya tashi ba. Ta yaya za ta dubi mutumin da har yau take durƙusawa ta gaishe shi, ta ce masa abin da ya rubuta ƙarya ne? Kalmar ma ba ta shiga bakinta. Kai maganar wurin malamin da ke duba aikinsa kuwa tonon silili ne, don daga nan sai kwamitin ladabtarwa. Shi wannan malamin ɗalibai sun yi masa yawa, in dai ya ga manazarta sun jeru da kyau, sa hannu yake yi ya ɗauko na gaba.

Don haka ta shirya yi wa Malam hannunka mai sanda.

Asabar ta gaba ta juya fuskar kwamfutarta ta kalli aji. Ta buɗe manhajar nan mai amsa tambaya, wadda ɗalibai suka laƙaba wa suna Malam Na-Waya. Ta ce, "Yau zan nuna muku wani abu. Ku zuba ido." Ta rubuta cewa tana son rubuce-rubucen masana a kan kiwon jimina a makarantun firamare na Gagarawa. Kafin ƙiftawar ido sunaye suka zubo, da farfesoshi da daktoci da shekaru da shafuka. Aji ya kwashe da dariya. Wata malama 'yar Gagarawa Tasha ta ce ita dai tun da aka haife ta ko gashin jimina ba ta taɓa gani a garinsu ba.

Ummulkhair ta ce, "To kun gani. Wannan abin ba ya son ya ce ban sani ba. In bai sani ba, ƙirƙira yake. Duk sunan da ya ba ku, ku je ku nemo rubutun da kanku, ku buɗe, ku gani da idonku. Abin da ba ku gani ba kada ya shiga kundinku."

Tana magana tana satar kallon kujerar ƙarshe. Malam Sha'aibu ya fi kowa dariya, har da share hawaye da bakin riga. Ta ji sanyi a ranta, ta ce saƙo ya isa.

Da aka tashi ya zo ya tsaya a gaban teburinta, ɗalibai na ta kai-kawo a bayansa. Ya ce, "Malama, yau kin yi darasi. Amma in ƙara miki wani abu? Laifin na mai tambaya ne. Wanda ya je wa malami da tambayar rainin hankali, ai amsar rainin hankali zai samu. Ni tun da Ubale abokin karatuna ya sa mini shi a waya, sallama nake fara yi masa, in gaishe shi, sannan in yi tambaya ta ilimi. Da ya kawo mini sunayen masanan nan sai da na ce masa, ka tabbata? Ya ce ya tabbata. To me ya rage? Mu a zaure muka yi karatu. In malami ya kawo maka sunan mai littafi da sunan littafi da shafi, Allah ya ƙara sani kake cewa. Ba ka cewa malami buɗe in gani."

Ga ƙofa a buɗe, ga magana a kan harshenta. Ta dubi ɗaliban da ke tsaye suna sauraro, ta dubi furfurarsa, ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Haka ne, Malam."

Ya sa mata albarka ya fita. Ta zauna ta dafe kai, tana jin haushin kanta kamar ta mari fuskarta.

A garinsu akwai hanyar da ake bi da magana mai nauyi. Yaro ba ya kai ta ga babba kai tsaye, sa'ansa ake nema ya ɗauka ya kai. Sa'an Malam Sha'aibu kuwa Baffa Isa ne, ƙanin mahaifinta, dillalin shanu a karar Maigatari. Ranar Alhamis ta nemi izini a wurin aiki ta shiga mota.

Kasuwa ta cika ta batse. Manyan motoci sun jeru ana loda shanu, raƙuma na ta gurnani, 'yan acaɓa na kurɗawa tsakanin mutane da dabbobi ba ruwansu. Ta same shi a wata rumfa yana shan shayi, sanda a kan cinya. Yana ganinta ya miƙe, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Uwata! Lafiya na gan ki a kara? Ko 'yan lakwal, masu karatun boko, sun fara cinikin shanu ne?"

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja shi gefe inda hayaniya ta yi sauƙi. Ta kwashe labari kaf ta gaya masa, ta maimaita, ta kawo misali. Yana saurare yana gyaɗa kai, ido ɗaya a kanta ɗaya a kan wani bajimi da ake ja.

Ya ce, "Wato littattafan ne suka ɓata?"

"Ba ɓata suka yi ba, Baffa. Babu su. Ba a taɓa rubuta su ba. Ka ce masa babi na biyu gaba ɗaya sai an sake shi. Ya zo ɗakin karatu mu zauna, akwai sauran lokaci in aka fara yanzu."

"Shi ke nan? Wannan ne ya sa kika yi zuru-zuru haka? Ni da Sha'aibu rana ɗaya aka yi mana kaciya. Gobe zan bi kamyon da ke ɗaukar shanu zuwa Ɗanzomo, in ma bai tafi ba na hau mashin. Ki bar mini."

"Baffa, don Allah ka faɗa masa yadda na faɗa. Babu su."

Ya yi murmushin manya. "Uwata, tun ba a haife ki ba nake shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, ban taɓa bari an rabu baram-baram ba. Ba a gaya wa mutum sansa makaho ne a tsakiyar kara. Cewa ake yana ɗan laluben hanya. Mai hankali ya gane."

A nan ya kamata gabanta ya faɗi. Ya faɗi kuwa, amma sai ta danne. Wanda ya gaji da kaya ba ya tsayawa duba ƙafar jakin da zai ɗora wa. Ta yi godiya ta koma Gumel, tana gaya wa kanta cewa Baffa ya fi ta sanin abokinsa.

Washegari da yamma ya kira ta. "An gama, uwata. Na faɗa masa, har godiya yake. Ya ce Allah ya yi miki albarka."

"Me ya ce game da zuwa ɗakin karatu?"

"Zai zo, zai zo. Bari in tafi, 'yan duwan, kwastan ɗin tsallaken iyaka, sun tare mana kaya."

Ta kama aiki ba kama hannun yaro. Duk lokacin da sabis ya dawo sai ta zauna ta yi ta nema. Rubutu a kan Maigatari kanta babu, amma ta samo na gaske a kan kasuwannin mako a wasu wurare, da a kan yaran manoma da lokacin girbi, da wani rahoto daga tsallaken iyaka. Ba su da yawa, sunayensu ma ba su kai na Malam Na-Waya daɗin ji ba, amma kowanne ta buɗe shi ta karanta. Ta tara su a kwamfuta ta ajiye tana jiransa.

Asabar ta zo, Malam bai zo ba. Ubale ya ce ya tafi ta'aziyya Sule Tankarkar. Ta ce to. Ta ƙudurta a ranta cewa fushi yake, kuma in fushi ne da sauƙi, don fushi alama ce ta ya ji. Asabar ta gaba aka ɗage darasi saboda taron malamai. Ta rubuta masa saƙo a waya ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Rannan ta yi ta maza ta kira shi. Ya ɗauka da fara'a, ya tambayi mahaifiyarta, ya tambayi aiki, ya tambayi zafin Gumel. Ta tambayi iyali, ta tambayi yaran makaranta. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Akwai wani abu ne, Malama?"

Ta ce, "A'a, gaisuwa ce kawai."

Abinci ya daina yi mata daɗi. Tana cikin koya wa ɗalibi yadda ake nema sai ta ga fuskar Dakta a ranta, da kwamfutarsa a buɗe, da Malam a tsaye a gaban yaran da a haife ya haife su suna kallonsa. Sai ta manta abin da take cewa. Ta yi ta lallashin kanta cewa ƙila ya sami wani wuri yana gyarawa, ƙila kunyarta yake ji ya je shagon intanet a cikin gari. Ƙila. Da "ƙila" ɗin nan ta cinye makonnin da suka rage.

Asabar ta ƙarshe, wadda Litinin ɗinta za a zauna kare kundi, ya shigo da sallama yana walwala, sanye da farar riga sabuwar guga. A hannu ɗaya leda ce cike da kantun riɗi, a ɗaya hannun kundi ɗaure da baƙin bango, sunansa da ruwan zinariya.

Ya ce, "Ga tsarabarki, ga kuma amarya ki gani. Isa ya kawo mini saƙonki. Ya ce kin yaba aikin ƙwarai, sai dai babi na biyu yana son ɗan share-share. To na zauna na bi shi layi-layi. Na gyara waƙafi, na daidaita shekaru, na jera sunayen bisa haruffa yadda kika koyar. Tun wancan makon na miƙa kwafi a ofis, sun ce har an aika wa Dakta nasa."

Ummulkhair ta karɓi kundin ta buɗe babi na biyu. Farfesa Habibullah na nan daram, har an gyara masa waƙafi.

Ɗakin ba kowa sai su biyu, ɗalibai duk suna wajen ɗaurin kundi. Ta tashi ta jawo kujera gaban kwamfuta.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka zauna nan."

"Ai na gane, Malama, ba sai..."

"Malam, ka zauna."

Bai taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba. Ya dube ta, ya tattara riga ya zauna. Ta buɗe masa shafin nema, ta ajiye kundin a gefensa, ta nuna sunan farko. Ya ciro tabarau ya sa. Da yatsa ɗaya ya riƙa laluben haruffa, yana dannawa yana duba takarda, yana dannawa yana dubawa. Ta tsaya a bayansa tana kallon wuyansa, tana jin kamar ita ake yi wa hukunci.

Sakamako ya fito. Ya matso da fuska ya karanta. Ya ce, "Sabis ne."

Ta ce, "Sabis lafiya lau. Ga mujallar, ga shekarar, ga shafin." Ta buɗe masa. Ya karanta kan rubutun, na koyar da lissafi, ya sake karantawa leɓunansa na motsi.

Ya ɗauki suna na biyu da kansa. Ya ɗauki na uku. A na huɗu ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

Ta durƙusa a gefen kujerar, hawaye na zuba. "Babu su, Malam. Duka. Abin nan ƙirƙira ya yi maka. In ka ɗebe littafin nan na kan kanta, ba ɗaya da aka taɓa rubutawa."

Ya ƙura wa kundin ido. Can ya ce, "Na tambaye shi. Na ce ka tabbata."

"Haka yake ce wa kowa."

"Shi ne darasin jimina?"

"Shi ne."

"Ni kika yi wa darasin, ina ta dariya." Ya shafa fuska. "Ummulkhairi, tun yaushe kika sani?"

Da ƙasa za ta tsage da ta gode mata. Ta ce, "Tun ranar da ka kawo mini."

Ya dube ta. Ba tsawa, ba zagi, kallo ne kawai, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta yi sauri ta buɗe inda ta tara na gaske, tana nuna masa tana bayani. Ga su nan, ta karanta su, in suka zauna yau da gobe za su iya sake babin, ita za ta buga, shi ya riƙa faɗa.

Ya ce, "Wanda ke hannun Dakta fa?"

Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar.

Ana haka Ubale ya leƙo yana neman abokinsa. Ya ga fuskokinsu ya shigo, ya ji abin da ake ciki. Ya riƙe baki, sannan ya rage murya. "Malam, ka yi shiru da bakinka. Mutum nawa za a jarraba ran Litinin? Ba kowa Dakta ke bincika ba. Dattijo kamarka ma kunyarka zai ji. Ka shiga ka kare abinka, Allah ya rufa asiri."

Ummulkhair ta sami kanta tana fatan Malam ya yarda. Ita da ke tsayawa gaban aji tana cewa abin da ba ku gani ba kada ya shiga kundinku, ga ta tana addu'a a zuci ya yi shiru.

Malam Sha'aibu ya ce, "Jiya da ban sani ba, kuskure ne. Litinin in na tsaya a kansa, ya zama ƙarya, kuma tawa ce." Ya miƙe, ya ɗauki kundin ya rungume a ƙirji. "Shugaban shirin karatun namu yana ofis?"

Ta bi shi har bakin ƙofa. Ya ce ta tsaya a waje. Ta koma gindin bishiyar mainar da ya jingine babur ɗinsa ta tsaya, tana kallon ƙofar nan kamar mai jiran fitowar likita. Ɗalibai na wucewa da kundayensu suna gaishe ta, tana amsawa ba ta san me take cewa ba. Ta yi ta saƙa da warwara. Ƙila shugaban ya kira Dakta ya roƙe shi. Ƙila a ba shi mako guda. Ƙila a ce ya kare babi na uku da na huɗu, tun da su nasa ne. Rana ta take, inuwar mainar ta tsuke, ba ta matsa ba.

Da ya fito ba kundi a hannunsa. Ya tako a hankali har inda take.

Ya ce, "Mutumin kirki ne. Ya ce da na shiga gaban kwamiti da shi, kora ce. Tun da ni na kawo kaina, janyewa ce, ba abin da zai shiga takardata. In sake babin in kare a zama na gaba."

"Yaushe ne zama na gaba?"

"Baɗi."

Ta san abin da baɗi ke nufi, shi ma ya sani. Sabuwar shekarar karatu ba za ta jira baɗi ba. Ajin da ya yi rayuwarsa a ciki, wani za a turo.

Ta ce, "Malam, ka yafe mini. Kunya ce ta..."

Ya ɗaga hannu. "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Waɗanda kika tara ɗin nan ki ajiye mini su, kada ki goge." Ya ɗaga babur daga jikin bishiya, ya tattare farar rigarsa ya hau. Ya buga bai tashi ba, ya sake bugawa ya tashi.

Ta matso. "Yaran fa? 'Yan ajinka. Ko in gaya wa hedimasta ya yi musu bayani a hankali?"

Ya juyo ya dube ta, injin na kaɗawa a ƙarƙashinsa.

Ya ce, "A'a. Ran Litinin zan tsaya a gabansu in gaya musu da bakina. Ba zan aiki kowa ba."